Ɗantsoho da Fuskokin Azurfa

Lokacin da nake takaba, kullum da safe sai in tarar da tulu cike da ruwa a ƙofar gidana. Sai daga baya na gane Baba Ɗantsoho ne, maƙwabcina, maƙerin farfaru a nan Gumel.

Aikinsa narka liyari, tsohon kuɗin azurfa, ya yi wa mata munduwa da zobe. Amma akwai wasu 'yan ƙananan kuɗin azurfa da yake saya wajen fataken arewa, waɗanda suka ce a kangayen Rumawan dā ake tono su. Waɗannan ba ya narkawa. Yana wanke su da tsamiya har fuskar mutum ta fito, ya jera su bisa fata yana dubawa. Har suna ya sa musu. Ta kan katanga nakan ji yana cewa, "Mai Gemu, kai ɗan Mai Hanci ne, goshinku ɗaya."

Gwadabe mai sayar da shanu ya nemi a narka masa su don matarsa, Baba ya ƙi. Daga nan Gwadabe ya shiga gari yana cewa tsoho na kiwon iskoki, har hira yake da su. Ya tare shi a kasuwa ya ce, "Baba, yaya Mai Gemu? Ya sha jinin kaza yau?" Mutane suka yi ta dariya, har da waɗanda ya ƙera wa 'ya'yansu kayan aure. A masallaci kuma aka riƙa barin gurbi tsakaninsu da shi.

Da ya kwanta ciwo ba wanda ya zo dubiya. Amma an zo ɗaukar azurfar, wai za a ƙone sharrin. An ƙone ɗin kuwa. Ga ta nan ta zama munduwa a hannun matar Gwadabe, tana ƙara in tana daka. Ashe wuta ɗaya ta musuluntar da iskokin. Allah ya isa.

Jana'izarsa ko sahu ɗaya ba ta cika ba. Har yau ba wanda ya tambaye ni komai a kansa, su da suka san komai.

Ran da na kai masa kunu na ƙarshe, ya ce, "Safara'u, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kina jin kabbarata kowace salla. Don Allah, ko ba su tambaya ba, ki faɗa musu."