Makaɗi a Bakin Rijiya

Ko na tsufa har na manta hanyar gidana, ba zan manta da ginin masaukin kumandan a garinmu ba, can gabas da Magariya, zamanin Nasara.

Kumandan, Baturen mulkin yankin, ya aiko cewa a gama ginin kafin ruwan fari, in ba haka ba rawanin maigari ya tafi. Maigarin nan kuwa kawuna ne. Ya kira gayya, maza suka fito kamar tururuwa, aka kawo makaɗi. Amma gini ya ƙi tashi. Kawu ya rame har rawanin ya fara yi masa yawa.

Ni lokacin ba ni da sana'a sai surutu a inuwa. To, daga inuwar nan na hango matsalar. Makaɗi yana gindin bango, wanda ya hau sama kaɗai yake yi wa kirari. Sai kowane ƙato ya ɗare bango yana jiran a miƙo masa ƙasa, ƙasar kuwa babu ruwan kwaɓa ta. Wa zai ɗauki tulu ƴan mata na kallo?

Na ce, "Kawu, ara mini makaɗinka."

Ya ce, "Ɗauke shi, ja'iri. Da kai da shi ba abin da kuke tsinana mini."

Na ja makaɗi har bakin rijiya, yana ta ƙunƙuni: "Ni da na yi wa sarakan noma kiɗa, yau mai tulu zan wasa?"

Na ce, "Baba, buga kawai. In ba wanda ya zo, ni zan yi maka rawa."

Sai ga wani siririn mutum da ba a taɓa yi wa kirari ba tun ranar sunansa, ɗauke da tulu. Makaɗi ya saki ganga: "Ga hadari mai tafiya da ƙafa!"

Wallahi sai ƙarti suka riƙa dirowa daga bango kamar nunannun kanya. Kafin azahar wurin kwaɓa ya zama tabki, har na rantse na ga kada a ciki. Bango kuwa fayau, ba kowa! Kawu ya ɗaga sanda ya nufo ni. Da gudu na gano sauran karatun: na ja makaɗi wurin kwaɓa, daga can wurin tubali, daga can gindin bango. Duk inda aiki ya kwanta, nan ganga take sauka.

Hadarin fari ya tarar mun yi rufi. Kumandan ya zagaya ginin, ya gyaɗa kai, ya hau dokinsa. Kawu kuwa da rawaninsa ya tsufa, har ya daina ce mini ja'iri, sai in ya tuna tabkin nan.

Tun daga ranar ake aiko mini daga Waca, daga Bande, har Dungas, in je in tsara aiki, in koya wa shugabannin gayya. Da sun fara kukan mutanensu ragwaye ne, sai in ce, "Tsaya tukuna, ina ka ajiye makaɗinka?" Ɗan Adam, inda ake yabonsa, can yake kai ƙarfinsa.