Malam Hashimu Ba-na-nan da Iyakar Gonarsa

Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu na arewacin Minjibir ya san marigayi Malam Hashimu, ɗan wan mahaifina. Za ka same shi a zaure, ka yi sallama ya amsa, ku gaisa har ku tambayi iyali, amma da zarar ka nemi ya yanke maka shawara sai ya dubi ƙwayar idonka ya ce, "Ba na nan." Na daɗe ina shugabantar makarantun firamare kafin in ajiye aiki, na ga masu taurin kai iri-iri, ban ga na biyunsa ba.

A ƙuruciyarsa ya yi aiki a Fagge wajen wani tsohon Bayahude mai sayen fatu. Wata rana ya tambaye shi: in Ubangiji yana son a bi shi, me ya hana ya bayyana ƙarara, kowa ya gani, gardama ta ƙare? Tsohon ya ce malamansu sun daɗe suna juya wannan tambaya, kuma wasunsu na ganin da gangan Mahalicci ya sakaya kansa, domin ranar da sarki ya tsaya a kasuwa babu mai tauye mudu, amma kuma babu wanda za a kira mai gaskiya. Hashimu ya kawo maganar gida kamar wanda ya sayo sabon iri, ya yi ta shuka ta a kan kowa.

Idan ya ɗauki 'yan ƙwadago, sai ya nuna musu gona ya ɓace. Wata damina ya hau ɗorawar da ke tsakiyar gona don ya ga abin da za su yi. Su kuwa da suka ga babu mai gona, sai suka zo gindin ɗorawar nan suka sha fura, ɗayansu ya kwaikwayi tafiyarsa, sannan suka miƙe ƙafa suka yi barci. Shi yana sama, cinnaku suna cizonsa, har la'asar!

Na ce, "Haba Yaya, ko tari ai ka yi!"

Ya ce, "In na yi tari, Hedimasta, noman na tarina ne."

Da labari ya kai ga Liman, ya kira shi. "Hashimu, ka ji tsoron Allah. Kai ba Ubangiji ba ne da za ka riƙa jarraba bayi."

"Shi ya sa nake shan wahalar hawan bishiya, Allah gafarta Malam. Shi ai ba ya bukata."

Liman ya ce ayoyin Allah sun cika sama da ƙasa, wane ɓuya kuma? Hashimu ya ce, "Sawun mai gona daban, mai gona tsaye a kanka daban." Liman ya kaɗe rigarsa ya shiga gida. Ni ban tsoma baki ba, fannin ba nawa ba ne.

Matarsa Inna Kande ce kaɗai ta taɓa kayar da shi. Ta tambaye shi ko a sayar da tunkiya ko a bar ta ta haihu, ya ce ba ya nan. Da magariba ta raba tuwo, kowa ya samu ban da shi.

"Kande, ina nawa?"

"Af! Wa ke magana? Ai mai gidan ba ya nan."

Inda abin ya daina ba mu dariya shi ne gona. A ƙasarmu babu daji, gona tana manne da gona, kuma jerin gamba ne ke raba su. Maƙwabcinsa Tanko Dogo ya gano halinsa, sai ya shiga tumɓuke gambar iyaka kowace damina yana matso da ita kaɗan cikin gonar Hashimu. Gonar nan ita ce abincin gidan, ita ce kuma gadon 'ya'yansa. 'Ya'yan suka roƙi Hashimu ya kai ƙara wurin dagaci, ni ma na yi masa magana irin ta manya. Ya ce in hukuma ta ƙwato masa, ya samu ƙasa, Tanko kuwa bai samu komai ba.

Tanko ne ya fara gajiya. Ya faɗo zauren da rana tsaka, ina zaune.

"Hashimu, ka gan ni ko ba ka gan ni ba?"

"Na gan ka, Tanko."

"To ka kai ni ƙara mana, a yi ta ta ƙare! Wane irin mutum ne kai?"

"Zauna ka sha ruwa."

Tanko ya yi tsaki ya fita, kuma bai mayar da ko taku ɗaya ba. Haka Hashimu ya rasu da rani, gonarsa a tsuke.

Da ruwan shuka ya sauka, 'ya'yansa suka ɗauke ni mu duba iyakar kafin su je wurin dagaci. Muka tarar da Tanko shi kaɗai, tsoho tukuf, ya duƙa da fartanya yana mayar da gamba tsohon layinta. Bai ɗago ba. Ya ce, "Kada wanda ya ce tsoronku na ji." Babu wanda ya ce. Na dai lura ɗan gefen da ya fi shan taki ya manta da shi, ɗan Adam ke nan. Yaran suka dube ni, na ce mu koma gida.

Allah ya jiƙan Yaya Hashimu, ya yalwata masa makwanci, ya sada shi da rahamar da ya yi ta jira bai gani ba. Tanko ma, Allah ya karɓa masa. Amin.