Shingen Baba Azariya da Karen Lai'atu

Duk wanda ya bi layin bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan zai gane gidan Baba Azariya ko ba a nuna masa ba. Shi ne gidan da shingen fulawa mai ganye ruwan ɗorawa ya kewaye, an aske shi sumul kamar kan sabon soja. Azariya ɗan ƙauyen Madakiya ne. Ya shigo gari yana saurayi, ya yi shekara talatin da ɗaya a reluwe yana bin layin dogo da guduma a kafaɗa. Aikin ya bar masa abu biyu: ciwon baya, da ƙin ganin abu a karkace. Da ya yi ritaya sai ya juye hankalinsa duka kan shingen. Kowace Asabar da safe yakan ɗaura igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya rufe ido ɗaya ya hanga, sannan almakashi ya fara ƙas-ƙas.

Matarsa Lai'atu tana sayar da citta a kasuwa, kuma ita ce mai kare a gidan. Daga wurin ƙaninta a Godogodo ta ɗauko shi cikin kwali, ta sa masa suna Sajan. Kare ne ja mai dogayen ƙafafu, wanda bai taɓa ganin abu a ƙasa ya wuce bai ɗanɗana ba. Azariya ba ya ƙinsa, amma bai taɓa kiransa da suna ba. Karen Maman Jacinta yake cewa.

Bara da damina ciwon bayan ya kwantar da Azariya, har 'yarsu Jacinta, wadda take aikin nas a Gwantu, ta zo ta tafi da shi. Wata uku ya yi a can. Shingen da bai taɓa samun hutu ba ya miƙe ya wuce kan mutum, ya yi furanni shuɗi-shuɗi, daga baya ya zubo 'ya'ya ƙanana masu launin lemu, reto-reto kamar duwatsun wuya. Lai'atu ta ce sai yanzu ta ga amfanin abin.

Kwana biyu da dawowar maigida, yana zaune yana wasa almakashi, sai Sajan ya fito daga ƙarƙashin shinge yana tangaɗi, ya yi amai a gaban ƙafarsa, ya kwanta. Ga 'ya'yan nan ja-ja a ciki. Lai'atu ta duba, ta shiga kicin ta fito da adda.

Azariya ya miƙe da saurin da bayansa ya manta. Ya tsaya tsakaninta da shingen ya ce shekara ashirin da shuka shi, ko kaza bai taɓa kashewa ba, kuma da idonsa ya ga tsuntsaye suna ci. Ta ce Sajan ba tsuntsu ba ne. Maƙwabcinsu Martins, malamin sakandare, ya leƙo ta katanga da waya a hannu, ya ce ya duba, wasu sun rubuta guba ce, wasu kuma hoton furen kawai suka sa suna yabo. Kowannensu ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi.

Da ya ga karen ko wutsiya ba ya kaɗawa, jikin Azariya ya yi sanyi. Shi da kansa ya tare Keke mai ƙafa uku, ya rungumi Sajan a cinya, ya karyo reshe ɗaya mai 'ya'ya, suka nufi wurin Hellen, likitar dabbobi da ke da ɗan shago kusa da kasuwa. A hanya Lai'atu ta ji yana raɗa wa karen cewa ya yi haƙuri. Ta kau da kai ta yi kamar ba ta ji ba.

Hellen ta duba reshen, ta buɗe bakin karen, ta tambayi lokacin da ya ci.

"Baba, wannan itacen yana da illa," in ji ta. "'Ya'yan da ganyen duka, ga kare, har ga yara ƙanana. Naku bai ci da yawa ba, kuma ya amayar. Zai tashi."

"To, 'yata, a sare ke nan?" Muryar Azariya ta yi ƙasa sosai.

Ta ce in ana aske shi a kai a kai ba ya samun damar yin 'ya'ya, sai dai a riƙa share ganyen da aka yanke, kada a bar wa kare. Azariya ya roƙe ta ta maimaita da ƙarfi, wai kunnen Maman Jacinta ya fara nauyi.

Kwana biyu ya yi yana tsinke 'ya'yan da hannu, ya cika kwano uku, ya haƙa rami a bayan gida ya binne, ya ɗora dutse a kai. Ran Lahadi ya nemi Fasto ya ba shi minti biyu lokacin sanarwa, domin irin shingen ne ya kewaye majami'a, kuma 'yan makarantar Lahadi suna wasa a gindinsa. Ya yi minti ashirin, har da nuna yadda ake riƙe almakashi. Kafin a tashi sujada dattawan ikilisiya suka damƙa masa shingen majami'ar gaba ɗaya, ya karɓa yana cewa bai so ba, bakinsa har kunne.

Sajan ya warke cikin kwana huɗu. A mako na gaba ya shiga bayan ɗaki inda Lai'atu take wanki, ya cinye rabin sandar sabulu, ya fito yana kumfa. Aka sake komawa wurin Hellen, ta ce ba abin da zai same shi sai gudawa. Da suka dawo gida, Azariya ya ɗauko addar nan, ya goge ta tas, ya miƙa wa matarsa da hannu biyu, ya tambaye ta cikin ladabi ko za ta sare sabulun yau, ko sai gobe.