Ramin Yumɓun Inna Mai Randa

Shekara arba'in da ɗoriya Inna Mai Randa tana gina tukwane, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa gaya wa kowa inda take haƙo yumɓunta ba. Ko mijinta, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa iyakar abin da ya sani shi ne tana fita da kwando da guntuwar fartanya, ta bi ta bayan gari, ta dawo wuyanta a sage.

Ba rowa ba ce, ko da yake an sha faɗin haka a bayan idonta. Maginan tukwane na garin sun taɓa ɗanɗana kuɗarsu. A zamanin surukarta akwai wani rami da kowa ya sani, har wata ta yi suɓutar baki a kasuwa tana yabon yumɓunsa. Masu yin bulo suka ji, suka zo da motoci, cikin rani ɗaya suka kwashe abin da zai ishi jikoki. Tun daga nan maginiya ta koyi kama bakinta. In ta gama haƙa sai ta rufe ramin da rassa da busasshen ganye, ta share sawunta, ta koma gida ta wata hanyar daban. Ita kanta Inna sai da ta shekara bakwai a gidan miji tana kwaɓi da miƙo ruwa kafin surukar ta yarda ta kai ta ramin da take ɓoyewa.

Yumɓun kuwa ya cancanci ɓoyo. Baƙi ne mai danƙo, ba ya tsagewa a wuta, kuma ruwan randarsa sanyinsa har haƙori. Da shi ta riƙe 'ya'ya biyar bayan rasuwar ubansu, da shi ta saya wa babban ɗanta keken ɗinki. Robobi suka cika kasuwa, abokan sana'arta suka watse, wasu mutuwa ta ɗauke. Ita dai tana nan tsugune a rumfarta, gwiwoyinta suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Sai kamfanin rake ya zo sayen filin bayan gari. Gaskiya ɗaya ce, ba su shigo da bulala ba. Sun kafa rumfa, sun jera kujerun roba, sun yi bayani da lasifika cewa ba wanda za a zalunta. Bayan haka masu awo suka bi gida gida suna rubuta abin da kowa yake da shi a filin.

Wanda ya zo wurin Inna saurayi ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ta.

"Baba, kina da gona a can?"

"Ba ni da ita."

"To akwai wani abin da kike amfani da shi a wurin? Itace, kiwo, rijiya, ko me?"

Inna ta ɗaga ido. Bakin ƙofa mutane sun yi cirko-cirko suna kallo, cikinsu har da maƙwabcinta mai tuƙa tifa, wanda aikinsa ke nan kwasar ƙasa.

"Me tsohuwa za ta nema a daji, ɗan nan?" in ji ta.

Saurayin ya ja layi a takardarsa, ta dangwala, ya wuce gida na gaba. Ranar har daɗi ta ji don ta iya bakinta. A lissafinta rake gonaki zai ci, wa zai kula wani kwari mai tsakuwa? Masu awon ma sun bi ta gefen ramin da ƙafarsu, suka ga rassa da ganye, suka rubuta cewa fili ne da ba wanda yake mora.

Bayan wata huɗu ta fita da kwandonta ta tarar da shingen waya da maigadi.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji shi. "Ni ma ajiye ni aka yi."

Da ta gaya wa ɗanta telan abin da ya faru, sai ya tsayar da keken ya dafe kai. "Haba Inna! Shekara arba'in kina ɓoye wa ɓarayi, shi ne har da mai rubutu?"

"In ka gama, ka tashi ka raka ni," ta ce.

Kamfanin yana da ofishin koke, ɗaki ɗaya mai fanka da dogon benci. Sau tara Inna ta zauna a bencin nan. Malamar da ke karɓar koken yarinya ce mai gajiyayyun idanu, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Ta yi mata bayani dalla-dalla: kamfani ya sa hannu cewa duk mai cin abinci daga filin yana da haƙƙi, ko da ba shi da gona. In aka tabbatar da wurin, ko a bar mata hanya zuwa gare shi, ko a ba ta diyya. Amma sai da shaida.

"Wa ya san ramin ban da ke, Mama?"

"Mu biyu ne, ni da surukata. Ita kuwa tana makwanci."

Zuwa na biyar Inna ta ɗauko randa a ka ta dire a ofishin, ta ce ga shaidarta. Malamar ta ce randa ba ta shiga fayil. Randar dai tana nan a kusurwa har yau, ma'aikata suna shan ruwanta suna yabon sanyinsa.

Ita ba diyya ta dame ta ba. Hanya take so, ko siririya ce, wadda mutum da kwando zai iya bi. Yumɓun da ta gwada daga wasu wurare duk ya ba ta kunya, tukwane goma a wuta, bakwai su fito a tsage.

A ƙarshe aka sa ranar zuwa ganin wurin. Suka shiga motar kamfani, ita da ɗanta da malamar da wani mai na'urar awo. Maigadi ya buɗe ƙofa. Inna ta sauka. Katafila ta riga ta bi filin ta baje shi kamar tabarma. Ita da tsamiya mai reshe biyu take gane hanya, daga nan suri, daga suri kwazazzabo. Babu tsamiya, babu suri, kwarin ma an cike shi.

Ta yi gabas, ta dawo. Ta duƙa ta damƙi ƙasa ta murza, ta ɗora a harshe, ta tofar. Ta ƙara gaba ta sake. Fiye da awa guda tana haka, rana tana dukan ƙeyarta, direba yana danna oda.

"Mama," in ji malamar a hankali, "in muka koma ba mu ga wuri ba, rufe fayil ɗin za a yi. Ba ni da ikon sake buɗe shi."

Telan ya matso kusa da kunnen uwarsa. "Inna, nuna ko'ina. Ke ma kin san ba za su bar miki hanya a tsakiyar rake ba. Su rubuta sunanki, a samu abin da aka samu. Ga yara a gida."

Ta harare shi, amma hararar ba ta da ƙarfi. Ta san in ta nuna, magana ta ƙare a inda ta nuna, ba mai sake kawo ta nan neman ramin gaskiya. Ta kuma san ko kwana za ta yi ba za ta gane shi ba. Ta gaji, gajiyar da ba ta taɓa yi ba ko a ƙarƙashin kwando.

Ta taka 'yan taku ta tsaya. "Nan ne."

Mai awo ya kafa sandarsa, ya karanta wasu lambobi. Malamar ta sauke ajiyar zuciya, ta ciro wayarta.

"Sannu Mama. Tsaya daidai wurin in ɗauke ki hoto. Ɗan saki fuska mana."

Inna ta gyara mayafinta ta tsaya. Takalminta ya zame, tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa. Yashi ne zalla.