Mai Aski da Labarin Wa da Ƙani

Kujera biyu ce a shagon askinsa, sai madubi mai tsaga a gefe da bencin masu jira. Daga kawunsa ya gaji wurin. Ba shi da yawan surutu, abin da ba a cika gani ba a masu sana'arsa. Sai da furfura ta fara yi masa sallama ya soma rubuta littafi, labarin wa da ƙani da suka gaji babbar mota, suka ɓata a kanta.

Kwalin reza yake yagawa ya rubuta abin da zai faru a kowane babi, ya maƙala a jikin madubi. In ya ga wani babi ya yi gaggawa, sai ya ciro kwalinsa ya mayar baya. Rubutun kuwa da tsakar rana yake yi, lokacin da masu zuwa aski ke ɗaukewa.

Mai sauraronsa na farko wani tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ake kira Sanƙo, wanda gemu kaɗai ke kawo shi shagon. Yana kishingiɗe da kumfa a fuska mai aski zai ba shi sabon babi da baki. In Sanƙo ya fara gyangyaɗi, to babin na bukatar almakashi.

Matar mai askin ce ta fara karance littafin duka. Ta ajiye takardun ta ce, "Maigida, ƙanin nan bai taɓa kuskure ba, wan kuma bai taɓa alheri ba. Wannan ai ƙarar Yaya ka kai."

"Wane Yaya? Mota ce fa a ciki."

"Mota ce, gidan Baba ne, duk kanwar ja ce."

Shi da yayansa gaisuwa kawai ke haɗa su tun da aka raba gidan mahaifinsu. Ya yi kwanaki yana aiki fuska a murtuke, har ya yanki Sanƙo a haɓa. Daga bisani ya kwashe kwalayen ya sake jera su, ya bar wa wan rabin littafin. Nan aikin ya yi nauyi, don dole ya nemo wa mutumin dalilansa. Ya tuna yayan ne ya bar makaranta ya kama aiki sa'ad da mahaifinsu ya kwanta ciwo. Ya sa wannan a ciki, ya cire, ya sake sawa. 'Yarsa ta fara buga masa a kwamfuta tana sakandare, ba su gama ba sai da ta haihu.

Wata ƙaramar maɗaba'a ta buga littafin. Ya aika wa yayan ɗaya ta hannun 'yarsa, ya ji shiru. Wata safiya sai ga yayan ya shigo, ya zauna a kujera, ya ce a rage masa suma.

Ana cikin aski ya ce, "Na karanta abin nan naka. Wan ya cika magana."

"Haka ya zo, Yaya."

"To. Kar ka kwashe gefen kunnen nan da yawa."

Ba su sake ta da zancen ba. Yayan ya riƙa leƙowa jefi-jefi. Mai aski bai ƙara rubuta wani littafi ba. Da hannunsa ya fara rawa, sai ya bar wa wani mai gyaran waya shagon, ya koma gida yana fama da jikoki.