Agogon Nutson Na'Allah Yana Gwiwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 12 ga Satumba, 2023, Allah Ya karɓi ran Na'Allah Muhammadu Lawal, mai nutso na Kazaure, a cikin motar da ta ɗauko shi zuwa asibiti a Kano. Shekarunsa arba'in da shida. Mahaifiyarsa Inno ƙanwar mahaifina ce, don haka taubashina ne, tun muna yara muke tsokanar juna. Yau ne karo na farko da zan yi masa magana ba tare da na jira ya rama ba.

Na'Allah, kowa a ƙasar nan ya san aikinka, amma kaɗan ne suka so su gan ka a ƙofar gidansu, domin ba a kiranka sai ruwa ya ci wani. Shekara bakwai ka yi a Legas tare da masu nutso a tashar jiragen ruwa, ka dawo da tukunyar iska biyu da tabarau da baƙar rigar roba. Ina ce maka kwaɗon Kazaure, kana ce mini malamin da alli ya cinye wa basira. Daga Babura zuwa Roni babu rijiya ko kududdufi ko dam da ba ka shiga ba. Na tuna wata mai jego da ka fito da ita daga rijiya a Kanya Babba tana numfashi. Mijinta ya biyo ka har gida da akuya, ka ce ya mayar, mai jego ta fi ka bukatar romo.

Bana ne ka soma zancen agogon nutso. Ka bayyana mini cewa wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a wuyan hannu, tana auna zurfin da mutum ya kai da daɗewarsa a ƙasa, sannan in zai taso ta gaya masa inda zai dakata da tsawon dakatawar. Ka ce iskar tukunya tana taruwa a jini, in mutum ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jijiya kamar lemon kwalba da aka girgiza. Da can da ka kake lissafi, da wata tsohuwar takardar lissafin zurfi da ka naɗe a leda. Ka ce kai ya soma gajiya, kuma Saude, matarka, ba ta cin abinci duk ranar da ka fita da tukunya.

Wata uku muka yi muna zaɓe a wayata, a kan bencin ƙofar gidanka bayan la'asar. Ni na maƙale wa wani siriri mai kyau da ake haɗawa da waya. Ka dube ni ka ce, "Malam, biki za ni ko ƙarƙashin ruwa?" Kai mai manyan lambobi kake so, domin idonka ya fara gardama da ƙananan rubutu. Kana son mai fitila, tunda ruwanmu kamar koko yake. Kana son mai batirin da za ka canja da hannunka, ba na caji ba, don ka san halin wutarmu. Ka ƙi mai maɓallai da yawa, ka ce yatsa in ya yi sanyi ba ya karatu. Sharaɗinka na ƙarshe shi ne ya riƙa kuka da girgiza in mutum yana tasowa da sauri. A ƙarshe ka zaɓi wani mummuna, faffaɗa kamar murfin gwangwani. Na yi maka dariya har da hawaye, alhali kai ne da gaskiya a kowane mataki.

Ranar Alhamis agogon ya iso. Ka so ka gwada shi washegari a dam. Ni ne, da bakina, na ce, "Ashe girma ya zo, yanzu ana shiga sabon abu Inno ba ta sa albarka ba?" Tsokana ce kawai, wallahi tsokana ce. Amma ka fasa gwajin, domin babur ɗinka da tukunyarka da ma takalmin robarka, babu wanda ka taɓa amfani da shi kafin ta ɗora masa hannu. Ka mayar da shi kwalinsa ka miƙo mini in kai mata, tunda ranar Asabar zan je suna a Gwiwa, inda take zaune.

Inno ta karɓa, ta juya shi, ta tofa addu'a. Da na miƙa hannu sai ta tura shi ƙarƙashin matashinta. Ta ce, "Wata biyu ban sa Na'Allah a idona ba. Ka ce masa mai agogo ya zo da ƙafarsa." Na yi dariya, na ce ta yi daidai. Ban gaya mata amfaninsa ba. Na dawo ina murna na samu abin da zan zolaye ka da shi.

Ranar Litinin da safe wata tifa ta zame ta faɗa wani tsohon ramin fasa dutse a yankin Roni, da direbanta a ciki. Damina ta cika ramin, zurfinsa ya haura mita talatin. Ka kira ni ina cikin aji ka ce, "Ina agogona?" Na ce yana Gwiwa, ka jira, zan hau babur in ɗauko. Ka ce, "Uban direban yana tsaye a rana tun ɗazu, ya ƙi zama. Suna so su yi wa ɗan nasa sutura kafin la'asar." Ka kashe wayar. Ni kuma na koma na ƙarasa darasi, ina cewa ai shekara ashirin kana yi ba agogo.

Daudu, dattijon da ke riƙe maka igiya, shi ya ba ni sauran labarin. Sau huɗu ka sauka, domin ƙofar motar ta maƙale. A na huɗun ka taso da gawar a rungume, ba ka dakata ko'ina ba. Da yamma kafaɗa da gwiwa suka soma ciwo, aka ce sanyin ruwa ne, aka gasa maka jiki da ruwan zafi. Kafin gari ya waye ƙafafunka sun daina jin taɓi. Ina riƙe da kanka a mota ka ce, "Da agogon yana hannuna da ya yi mini tsawa." Ba ka faɗa da zargi ba, kusan murmushi kake. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ana ta ce mini kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka, ban musa ba. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, na rasa inda zan sa kaina. In na tsaya gaban allo sai in manta abin da na zo rubutawa. Ban ga ranar da wannan abu zai sake ni ba.

Ranar addu'ar uku Inno ta sa aka kira ni ɗakinta. Ta ciro kwalin ta ɗora a cinyata, ta ce, "Bai zo ya karɓa ba. Wai ni kam, agogon mene ne wannan?" Na dubi tsohuwar nan mai shekara tamanin, na ce, "Na duba lokaci ne, Goggo." Ta gyaɗa kai ta ce, "To alhamdulillahi, ban tsare masa komai ba."

Ya Allah Ka gafarta wa Na'Allah, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya gawawwakin da ya mayar wa iyalansu su zama hujja gare shi ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Saude da 'ya'yanta huɗu, da Daudu, da dangi na Kazaure da Gwiwa. Allah Ya ba ku haƙurin da ni na kasa samu. Allah Ya yafe mini ƙaryar da na yi, domin ko gobe aka sake tambayata ita zan maimaita.

Inno ba ta karatun boko. Duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa, na haɗa shi da girman Allah, kada ya karanta mata.