Marin da Ba a Buga wa Yaya Sha'aibu Ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sha'aibu. Mutanen unguwarmu a Tahoua sun fara manta fuskarsa, amma ba su manta zaginsa ba, kuma haushin wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Fataucin albasa yake yi. Wata ranar kasuwa 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Tebaram, suka harbe direba nan take. Shi kuwa Yaya, da yake bakinsa ba ya mutuwa, sai ya tsaya ba su haƙuri. Ɗayansu ya juya gindin bindiga ya fasa masa kai, ya ƙara, ya ƙara, har ya daina motsi. Ya farfaɗo a asibiti da hankalinsa sarai, amma magana ta tafi. Kalma ɗaya ce ke fito masa da sauƙi, ita ma ashar ce. Da ita yake neman ruwa, da ita yake gaida liman.

Mutumin da zai sayar maka da ruɓaɓɓiyar albasa kana godiya, ga shi ya kasa cewa fura. In ya yi ta nuni ba a gane ba, sai ya hau fashe-fashe. Ya farfasa randunan Inna. Ya jefi matarsa Hawa da kwano ya tsaga mata goshi. Ni kaina ya taɓa shaƙe ni har na ga duhu. Kawu Illa, babban gidanmu, ya yanke hukunci: iska ce, a kira maƙeri ya buga masa mari a ƙafa.

Na roƙi Kawu ya ba ni zuwa kaka. Na kai Yaya wurin wata Madam Rabi, mai koya wa irinsu magana. Ta ce ba hauka ba ne, wurin magana ne ya taɓu a ƙwaƙwalwa. Awonta shi ne ta nuna masa hotuna ashirin ya faɗi sunayensu. Ranar farko ya faɗi uku. Da kaka ta zo, biyar. Ni da bakina na kai wa Kawu wannan adadi, ina murna.

"Damana guda, kalma biyu?" in ji shi. "Wanga shi am magani? Sai ya kashe ɗiyar mutane za ku ji?"

Madam ta biyo mu har gida. "Kawu, hoto ba shi ad duka awon ba," ta ce. "Ku tambayi Hawa yaushe rabon da shi jehe ta."

Hawa ta ce tun noman farko. Yanzu in abu ya ƙi fita, yakan buga hannun hagu a ƙasa sannu sannu, kamar yadda aka koya masa, har kalmar ta zo ko kuma ya nuna. Kawu bai saurara ba. Ba mugu ba ne, shi ya goge jinin Hawa da rawaninsa. Amma uku da biyar ya riƙe, kuma har gobe ina jin zafinsa a kan haka.

Ranar da maƙeri ya zo, ƙarti huɗu suka shiga ɗakin Yaya. Ya cire wa ɗaya haƙori da gwiwar hannu. Suka kayar da shi a tsakar gida, fuska a ƙasa, wani ya danne wuyansa da gwiwa, tsohon tabonsa ya buɗe yana jini. Inna tana kururuwa. Ni ina jiran ashar ɗin da za ta tabbatar wa kowa zancen Kawu. Sai na ga hannun hagu yana bugun ƙasa.

"Kawu," ya ce. Ya sake bugawa. "Bari. Ciwo."

Maƙerin ya ajiye guduma. "Alhaji, wanga ya san ka," ya ce wa Kawu. "Ni ba ni buga mai ƙarhe."

Yau hanyar Tebaram ta fi wancan lokacin muni. Ina ganin irinsa a asibiti, magidanta da ɗinki a kai, suna ƙugi, 'yan uwa na raɗa cewa sun taɓu. Da Yaya na nan, na san zai zauna kusa da su ya kama hannunsu ya buga ƙasa. Na kuma san da wace kalma zai tarbi mai zancen mari, kuma ba zan hana shi ba.

Ya ƙara shekara biyu a duniya kafin zazzaɓi ya ɗauke shi. A awon hotuna bai taɓa wuce shida ba. Wanda ya duba wannan kaɗai zai ce maganin bai ci ba. Amma ni na yi masa wanka. Na wanke kan nan da suka fasa, na sauko har idon sawu, na shafa su duka biyu. Fatar sumul take, babu inda ƙarfe ya taɓa ci. Allah ya jiƙan ka, Yaya.